Ajiyar tabkin Cadi

1. Ƙurar hunturu

Yara, da safe lokacin ɗari ku shafa hannu bisa teburinku. Me kuka gani? Farar ƙura. Jiya mun share ta, yau ga ta ta komo. Iskar hunturu ce ta kawo ta. To, daga ina ta ɗauko ta?

Kashi mai yawa na ƙurar nan yana fitowa daga wani babban kwari a arewacin ƙasar Cadi. Sunan kwarin Bodele. Yau busasshen wuri ne, fari fat. Amma a da, nan ne wuri mafi zurfi cikin wani makeken tabki. A cikin ruwan akwai waɗansu ƴan mitsi-mitsin tsirrai masu ɓawo, waɗanda ido ba ya gani. Suka yi ta mutuwa, ɓawonsu yana kwantawa a gindin ruwa, har shekaru dubbai. Da tabkin ya ƙafe, rana ta busar da su, iska ta niƙe su, ta kwaso. Kun ga ke nan, wani sashe na ƙurar da ke bisa hannunku gindin tabki ne.

Ba ƙura kaɗai tabkin nan ya bar mana ba. Ya ɓoye kayan mutanen da suka zauna a bakinsa tun kafin a soma rubutu. Yau za mu koyi abu uku: abin da ruwa da laka suka ajiye, yadda masana su ke fito da shi, da abin da ya wajaba a kanmu in mun ci karo da shi.

2. Tabkin Cadi jiya da yau

Ku duba taswira. A kusurwar kudu maso gabas ta ƙasarmu, cikin jahar Difa, za ku ga tabkin Cadi. Ƙasashe huɗu suka haɗu a kansa: Nijar, Nijeriya, Kamaru da Cadi. Garuruwanmu na wajen su ne Gigimi da Boso.

Kogin Shari, wanda ya ke tahowa daga kudu, shi ke kawo kimanin kashi 9 cikin 10 na ruwan da koguna ke zuba wa tabkin. Daga yamma kuma akwai Komadugu Yobe, wadda ta ke iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya kafin ta faɗa tabki. Ruwanta yana fitowa daga kogin Haɗeja da na Jama'are. Watau ruwan saman da ya sauka a ƙasar Kano yana iya ƙarewa a Boso.

Tabkin Cadi ba shi da zurfi. Kamar faranti ya ke: in ruwa ya ƙaru kaɗan sai ya malale nesa, in ya ragu kaɗan sai ya janye nesa. A shekara ta 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilometir 25 000. Sai aka yi babban fari na 1973, aka kuma yi na 1984. Tabkin ya rabu biyu, na arewa da na kudu. Sarari mai ruwa ya ragu har ya komo wajen murabba'in kilometir 2 000. Na arewa, wanda ya shafi ƙasarmu, ya bushe sau da yawa, ruwa ya yi wa Gigimi nisa. Daga baya ruwan ya komo a wurare da dama. Har yanzu haka ya ke yi: wata shekara ya cika, wata shekara ya janye.

Wannan ba sabon hali ba ne gare shi. Wajen shekara 7 000 da suka wuce, ana ruwan sama sosai a Hamada. Lokacin nan faɗin tabkin ya kai kimanin murabba'in kilometir 350 000, watau ya fi rubu'in ƙasar Nijar duka. A kwarin Bodele zurfinsa ya wuce metir 150. Yaya aka sani? Ruwa ya kan tara rairayi a bakinsa. Akwai wani dogon tudun rairayi da ya ratsa ta Bama da Maiduguri a Nijeriya, fiye da kilometir 100 daga inda ruwa ya ke yau. Tudun nan shi ne tsohon bakin tabki.

Ku riƙe wannan: inda ruwa ya ke yau, wata rana mutane sun gina gida. Inda mutane su ke noma yau, wata rana masunta sun tuƙa jirgi.

3. Makiyayi da rijiyarsa

A shekara ta 1987, da rani, wani makiyayi Bafillace yana gina rijiya domin ya shayar da shanunsa. Wurin yana kusa da wani ƙauye mai suna Dufuna, a fadamar Komadugu Gana, wadda ta ke zuba ruwanta cikin Komadugu Yobe. Yau ƙauyen yana cikin jihar Yobe ta Nijeriya.

Ya yi ta gina, ya wuce rairayi, ya wuce laka. Da ya kai zurfin wajen metir 5, sai ya bugi wani abu mai tauri. Ya duba, ya ga baƙin itace ne, kuma da alamar hannun mutum ya taɓa shi.

A nan ne makiyayin ya yi abin da ya sa mu ke karanta labarinsa. Bai sassare itacen ya wuce ba. Bai faskare shi ya kai gida a hura wuta ba. Ya je ya gaya wa mai gari. Labari ya hau daga mai gari zuwa hukuma, har ya kai jami'ar Maiduguri. Wani masanin jami'ar, Abubakar Garba, ya zo ya duba. Daga baya masanan jami'ar Farankfut ta ƙasar Jamus suka haɗa hannu da su, a ƙarƙashin Pita Broinig.

Ba a yi gaggawa ba. Sai a 1994 aka tone wurin sosai. Ma'aikata 50 suka yi mako biyu suna kwashe ƙasa. Da aka gama, sai ga kwalekwale kwance bisa rairayi, laka ta lulluɓe shi. Tsawonsa metir 8 da santimetir 40. Faɗinsa rabin metir. Kaurin jikinsa santimetir 5. Daga gungume ɗaya aka fafe shi, na itace irin maɗaci.

Aka aika da ƴan guntayensa ɗakunan awo biyu a Jamus, ɗaya a Kil, ɗaya a Kolon. Amsarsu ta zo kusa da juna: kwalekwalen ya yi wajen shekara 8 000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka samu a Afirka duka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. An kai shi Damaturu, babban birnin jihar Yobe, domin a adana shi.

4. Me ya hana itacen ruɓewa?

Kowa ya ga yadda dirkar rumfa ta ke ƙarewa. Shekara kaɗan gara ta cinye ta. Yaya aka yi itace ya kwana shekara 8 000 bai zama ƙasa ba?

Gara da ƙwari da ƙananan halittun da ke ruɓar da itace, yawancinsu suna bukatar iska kamar yadda mu ke bukatarta. Kwalekwalen Dufuna yana jiƙe sharkaf, laka kuma ta toshe shi ta bisa. Iska ba ta kai gare shi ba. Da babu iska, masu cinsa ba su samu hanya ba.

Wannan shi ne sirrin gindin tabki. A busasshen kufai, abin da a kan samu shi ne mai tauri: dutse, tsingaro, ƙarfe, wani lokaci ƙashi. Akushi da ƙwarya da tabarma da igiya duk sun tafi. Amma ku duba ɗakin uwayenku: kayan itace da na kaba da na zare sun fi na dutse yawa. Haka gidajen mutanen da su ke. Saboda haka busasshen kufai ɗan kaɗan ya ke nuna mana daga cikin zamansu. Laka mai ruwa ita ke ajiye sauran.

Sai dai akwai haɗari. Itacen da ya daɗe cikin ruwa ya yi laushi, ruwan ne ke riƙe da shi ta ciki. In aka fito da shi aka shanya, ruwan ya fita, sai ya tsattsage, ya lanƙwashe, ya marmashe. Abin da laka ta tsare shekara dubbai, rana tana iya ɓata shi cikin ƴan kwanaki. Domin haka masana ba su barinsa ya bushe. Su kan tsoma shi cikin wani magani mai kama da kakin zuma narkakke. Sannu-sannu maganin ya shiga ya maye gurbin ruwa. Babban itace ya kan ɗauki shekaru kafin aikin ya ƙare.

5. Yaya a ke sanin shekarun abu?

Ba wanda ya rubuta kwanan wata a jikin kwalekwalen. Masana suna da hanyar awo.

Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana da wani sinadari a jikinsa da a ke kira karbon 14. Muddin yana da rai, yana samun sabo daga iska ko daga abinci. Ran da ya mutu, samu ya tsaya, wanda ke ciki ya soma raguwa. Raguwar kuwa tana da ƙa'ida: bayan shekara 5 730 rabi ya tafi. Bayan wata 5 730 kuma, rabin abin da ya saura ya tafi.

Ku ɗauka an cika rumbu da dami 80, aka ce kowace shekara a ɗebe rabin abin da ke ciki. In kun leƙa kun tarar da dami 20, kun san shekara biyu ke nan: 80 ta zama 40, 40 ta zama 20. Haka masu awo su ke yi. Suna auna abin da ya saura a jikin itacen, su lissafta lokacin da aka sare shi.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi sauƙi. Ƙasa tana kwantawa hawa-hawa, kamar tabarmi da aka jibga. Na ƙasa ya riga na bisa zuwa. Abin da aka samu a hawa na ƙasa ya girmi wanda aka samu a hawa na bisa. Shi ya sa masani ba ya ɗaga komi sai ya auna zurfinsa, ya zana wurinsa, ya rubuta abin da ke kusa da shi.

6. Abin da kwalekwalen ya gaya mana

Kwalekwale ba ya magana, amma mai lura yana jin abin da ya ce.

Na farko, lokacin nan akwai manyan itatuwa a wajen, miƙaƙƙu, waɗanda za su ba da gungume mai fiye da metir 8.

Na biyu, akwai ruwa mai yawa. Ba mai wahalar da kansa ya fafe jirgi irin wannan domin ɗan kududdufi.

Na uku, masassaƙan gwanaye ne. A zamanin nan ba a san ƙarfe ba. Da kayan dutse aka yi aikin. Duk da haka sun fiƙe goshin jirgin da bayansa, sun daidaita kaurinsa. A ƙasar Holan an samu wani kwalekwale a 1955 wanda ya girme shi, yana da wajen shekara 10 000, amma tsawonsa bai wuce metir 3 ba. Kyan aikin na Dufuna ya nuna ba shi ne na fari da mutanen suka sassaƙa ba. Sun gaji sana'ar daga iyaye da kakanni.

Na huɗu, mutum ɗaya ba ya kayar da itace irin wannan ya ja shi har bakin ruwa. Sai an yi gayya. Ashe mutanen suna zaune tare, suna taimakon juna.

Duk wannan ya faru fiye da shekara 3 000 kafin a gina manyan dalolin ƙasar Masar.

7. Gobero: masunta a gefen Tenere

Ba babban tabkin kaɗai ke akwai a zamanin nan ba. Hamada cike ta ke da ƙananan tabkuna. Ɗaya daga cikinsu yana cikin ƙasarmu, a wani wuri mai suna Gobero, kudu maso gabas da Agadas, a gefen Tenere.

A shekara ta 2000 wani masani ɗan Amurka, Pol Sereno, da abokan aikinsa suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da. Sai suka tarar iska ta yaye rairayi, ga ƙasusuwan mutane a fili. Da aka yi bincike, aka ƙidaya kaburbura wajen 200.

Jama'a biyu suka zauna a wurin, ɗaya bayan ɗaya. Na farko sun zauna daga wajen shekara ta 7700 zuwa ta 6200 kafin haihuwar Annabi Isa. Dogaye ne, ƙarfafa, waɗansunsu sun kusa metir 2. An samu zagon ƙashi da ƙugiyoyin da su ke su da su. An samu ƙashin giwar ruwa, da na kada, da na dorina. Ƙasusuwan mutanen nan sun yi duhu, domin daga baya tabkin ya cika ya rufe kaburburansu.

Sai fari ya zo, wurin ya zama kufai wajen shekara 1 000. Da ruwa ya komo, wata jama'a ta zo, ta zauna daga wajen 5200 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Su ba su kai na farko tsawo ba. A cikinsu an samu wata yarinya tsararku, da awarwaro na haƙorin dorina a damtsenta. An kuma samu kabari ɗaya mai mutum uku: mace da yara biyu, suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. A ƙarƙashinsu akwai garin furanni, alamar an shimfiɗa musu furanni kafin a rufe su.

Yara, mutanen nan ba mu san sunansu ba, ba mu san harshensu ba. Amma mun ga suna son ƴaƴansu kamar yadda iyayenku ke son ku.

8. In ruwan yana nan fa?

A Dufuna da Gobero ruwa ya riga ya janye, aka yi aiki da shebur da buroshi. To, in kayan suna ƙarƙashin ruwa har yanzu fa? Sai a yi nutso. Domin mu ga yadda wannan sana'a ta soma, sai mu je wata ƙasa mai duwatsu da tabkuna masu zurfi a tsakiyar Turai, ana ce da ita Suwis.

A lokacin ɗari na 1853 zuwa 1854, ruwan tabkin Zurik ya ragu ƙwarai. Mutanen wani ƙauye suna kwasar laka a bakin tabki, sai suka ga turaku na itace birjik a kafe, ga gatura na dutse, ga tukwane. Malamin makarantar ƙauyen ya tattara kayan, ya sanar da wani masani a birnin Zurik, mai suna Fardinan Kela. Aka gano turakun ginshiƙan gidaje ne na mutanen da suka zauna a bakin tabki shekaru dubbai da suka wuce. Cikin 1854 ɗin nan, a tabkin Leman, wani masani ya kifa wa kansa wani abu kamar bokitin ƙarfe mai tagar gilashi, ya shiga ruwa, abokinsa yana cikin jirgi yana tura masa iska ta tiyo.

Aikin ya yi sauƙi bayan 1943, sa'ad da aka ƙera a Faransa na'urar da mai nutso zai goya kwalbar iska ya yi numfashi a ƙarƙashin ruwa. Ga yadda masu nutso su ke aiki yau:

Su kan kafa igiyoyi a gindin ruwa, su raba wurin gida-gida, kamar fangalin lambu.
Su kan kaɗa laka da hannu a hankali, wani babban tiyo yana zuƙe ta.
Su kan yi rubutu da zane da fensir bisa farin allon roba, domin takarda ba ta jure ruwa.
Su kan ɗauki hoton kowane abu a wurinsa, su ba shi lamba.
Abin da za a fitar, a sa shi cikin mazubi da ruwansa, kada ya bushe.

Ta haka aka samu a tabkunan nan tufafi, da taru, da kwanduna, da hatsi, har da gurasa da ƴaƴan itatuwa. A 2011 hukumar UNESCO ta sa wurare 111 irin waɗannan, cikin ƙasashe 6, a jerin kayan gadon duniya. Wannan ilimi na binciken kayan mutanen da, shi a ke kira arkeyoloji.

9. Tuddai da tsibirai

Mu komo tabkinmu. A kudancinsa akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai baƙar laka, wadda ruwa ke malalewa kowace damina. Mutanen wurin suka riƙa gina gida bisa kangon gida, har garuruwansu suka zama tuddai. Ɗaya daga ciki shi ne tudun Daima a Nijeriya, wanda aka tone a 1965 da 1966. Tsayinsa ya kai metir 10. A hawa na ƙasa an samu gatarin dutse da zagon ƙashi. A tsakiya ƙarfe ya bayyana. A bisa an samu kayan ado na tagulla. Tudu ɗaya ya nuna zaman mutane na fiye da shekara 1 500.

Mutanen da suka zauna a irin tuddan nan ana kiransu Sawo. Sun ƙware wajen gina mutum-mutumi da dabbobi na yumɓu. Sun kan rufe matattunsu cikin manyan randuna. A labarun Barebari, Sawo ƙattai ne masu ƙarfin gaske. Kotoko na Kamaru da Cadi suna cewa su ne jikokinsu.

Gadon tabki ba duka ke binne ba. A tsibirai akwai Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina. Sun shahara da jirgin da su ke ɗaurewa da ciyawar ruwa, wanda a da su ke ɗaukar kanwa da shi. Suna kiwon shanun Kuri, masu manyan ƙahoni, masu iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Hausawa masunta da ƴan kasuwar banda su ma sun daɗe suna zama a bakin tabkin. A 2015 fitina ta sa mutane da yawa suka bar tsibiransu a jahar Difa. In tsofaffi suka watse, sanin da ke kansu yana iya watsewa. Shi ma wannan sani gado ne.

10. Kada a yage shafi

Ina yaro, akwai wani kufai a bayan garinmu. Mu kan tsinci tsingaro masu zane, mu je bakin tabki mu yi ta jifa, mu ga na wa zai fi tsalle bisa ruwa. Na taɓa tsintar wani santsin dutse mai kaifi, irin wanda a ke ce wa gatarin aradu. Na yi wasa da shi har ya ɓace. Sai da na shiga makarantar horon malamai na gane gatari ne na gaske, mutum ya wasa shi da hannunsa. Yau ko an tambaye ni daidai inda na tsince shi, ba ni iya nunawa. Ba mugunta na yi ba, rashin sani ne. Amma ɓarnar ta riga ta auku.

Kufai kamar littafi ya ke. Kowane hawa na ƙasa shafi ne. In ka ɗauke abu daga wurinsa ba a rubuta ba, ka yage shafi, ba kuwa mai iya mayar da shi.

Akwai masu yin haka domin kuɗi. A Bura, cikin jahar Tillaberi, an gano wata tsohuwar makabarta a 1975, masaninmu Bube Gado ya tone ta a 1983. Da kayan suka yi suna a Turai, ɓarayi suka fasa wurare masu yawa, suka sayar. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura da na Sawo cikin jerin waɗanda ke cikin haɗarin sata. Mai tonon ya sami ƴan kuɗin da za su ƙare cikin mako. Ƙasa kuwa ta yi asarar da ba ta da ranar biya.

Ƙasarmu ta yi dokar kare kayan gado a 1997. A 2001 kuma UNESCO ta tsara yarjejeniya a kan kayan da suka yi aƙalla shekara 100 cikin ruwa. Ta ce abu na fari shi ne a bar su a wurinsu a tsare su, kuma kada a mai da su haja.

In kun ci karo da irin kayan nan wajen ginar rijiya, ko noman fadama, ko sa'ad da tabki ya janye:

Kada ku tone, kada ku ɗauke.
In itace ne mai danshi, ku mayar masa da lakarsa, kada ya sha rana.
Ku sa alama, ku lura da itace ko dutsen da ke kusa.
Ku gaya wa malam ko mai gari, su sanar da hukuma.

Makiyayin Dufuna ruwa ya fita nema. Da ya sari itacen nan ya wuce, da babu wanda zai san kakannin mutanen tabki sun sassaƙa jirgi shekara 8 000 da suka wuce.

Abin riƙewa

Tabkin Cadi ya kan cika, ya kan janye, tun zamanin da. Laka mai ruwa tana ajiye itace da zare domin iska ba ta shiga. An gano kwalekwalen Dufuna a 1987, shi ne mafi tsufa a Afirka. Abin tarihi yana da amfani in an san wurin da aka same shi. Wanda ya gani, ya bari a wurin, ya sanar.

Kalmomi

Kufai: wurin da gari ya taɓa zama, mutane suka tashi.
Tsingaro: guntun fasasshiyar tukunya.
Zago: mashi mai ƙayoyi da a ke sukar babban kifi ko dorina da shi.
Nutso: shiga ƙarƙashin ruwa.
Banda: kifin da aka ƙyafe da hayaƙi.
Gado: abin da na gaba suka bar wa na baya.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe suka haɗu a tabkin Cadi?
2. Me ya nuna tabkin ya taɓa kai wa Maiduguri?
3. Wa ya gano kwalekwalen Dufuna? Me ya yi da ya gan shi?
4. Don me gara ba ta ci kwalekwalen ba?
5. Me ya sa ƙasusuwan mutanen farko na Gobero suka yi duhu?
6. Faɗi abu uku da masu nutso su ke yi kafin su fitar da abu.
7. Ƙanenka ya tsinci tsohuwar tukunya a gona. Me za ka ce masa?

Lissafi

1. Shekara nawa tsakanin gano kwalekwalen Dufuna da tone shi?
2. Kwalekwalen Dufuna ya fi na Holan tsawo da metir nawa, in na Holan metir 3 ne?
3. Ma'aikata 50 sun yi kwana 14. In 25 ne, kwana nawa za su yi?

Aiki

1. A filin makaranta ku auna metir 8 da santimetir 40, ku zana kwalekwalen a ƙasa da faɗinsa. Ku nawa za ku iya zama ciki a jere?
2. Ku sami karan dawa biyu. Ku turbuɗe ɗaya cikin tukunya cike da laka, ku riƙa zuba ruwa kada ta bushe. Ɗayan ku binne shi a gindin darni. Bayan wata uku ku fito da su, ku rubuta abin da kuka gani.
3. Ku je wurin wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku. Ku gaishe su da ladabi, ku tambaya: ina ruwa ke kwanciya a da, wanda yanzu babu? Ina kufan garinmu? Ku rubuta amsar, ku kawo aji.